Azzalumin da Ba a Ganin Fuskarsa: Lacca kan Tsofaffin Labaran Zane na Kimiyya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamaina da ke zaune a gaba, iyayenmu, ɗalibai maza da mata, ina yi muku barka da yamma. Waɗanda ke tsaye a baya, akwai kujeru nan gefen taga, ku ƙaraso, domin abin da zan haska a allo ƙananan zane ne, daga can ba za ku gane komai ba.

An ce in yi magana a kan tsofaffin mujallun labaran zane, irin waɗanda ake ba da labari da hotuna a cikin 'yan akwatuna, maganar kowa a rubuce kusa da bakinsa, musamman waɗanda suka ƙago duniyar gobe da jiragen zuwa taurari da halittun wata duniya. Na san akwai mai cewa a ransa wannan ai kayan yara ne. Gaskiya ne, don yara aka buga yawancinsu, a kan takarda mafi araha, kuma da kuɗin alawa aka saye su. Amma a tsakiyar shekarun 1950 wani alƙali a Amurka ya tsaya kai da fata a kan hoto ɗaya tak na irin wannan mujalla, sannan a Ajantina gwamnatin soja ta taɓa kwashe littafin zane daga kasuwa. Abin da ya hana alƙali da janar barci ya cancanci mu ba shi yammacin yau.

Abubuwa huɗu zan kawo. Na farko, azzalumi mai fuska. Na biyu, wani labari daga Ajantina. Na uku, ɗan sama jannatin da ya cire hularsa. Na huɗu, alƙalin da ya ƙi cire tasa.

To, na farko. A watan Janairun 1934 jaridun Amurka suka fara buga Flash Gordon, zanen Alex Raymond. Wani matashi Ba'amurke ne ya faɗa duniyar Mongo, inda wani sarki mai suna Ming yake mulkin kama-karya a kan ƙabilu iri-iri. Ku dubi fuskar Ming a allo: idanu a tsuke, gashin baki siriri mai saukowa, doguwar riga. Mai zanen bai wahalar da kansa wajen ƙago mugu ba, ya ɗauko tsoro da ƙyamar da fararen Amurka na lokacin suke yi wa mutanen gabashin Asiya, ya ɗora a kan karagar wata duniya. A Ingila kuma, a watan Afrilun 1950, wani limamin coci, Marcus Morris, ya fito da mujallar Eagle, wadda a cikinta Frank Hampson ya zana Dan Dare, matuƙin jirgin sararin samaniya. Abokin gabarsa shi ne Mekon, shugaban wata al'umma a duniyar Zuhura, kore shar, kansa ƙato, jikinsa ɗan tsurut, yana yawo a kan wata 'yar kujera mai tashi sama, ba ya sanin tausayi sai lissafi. Shekara biyar ke nan da gama yaƙin Hitila, saboda haka yaron Ingila bai buƙaci a yi masa bayanin wanda ake nufi ba.

Zanen waɗannan mutane biyu yana da kyau ƙwarai, ban raina shi ba. Sai dai abin da suke gaya wa mai karatu magana ce mai kwantar da hankali: zalunci mutum ɗaya ne, baƙo ne, mummuna ne, daga nesa ya zo, kuma idan jarumi ya kai masa naushi a haɓa shi ke nan an huta. Duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin mulkin danniya ya san ba haka abin yake ba. Wannan ya ishe mu a kan na farko, mu wuce inda raina yake.

Ranar 4 ga Satumba, 1957, a birnin Buenos Aires, wata mujallar mako-mako mai suna Hora Cero ta fara buga El Eternauta. Marubucin shi ne Héctor Germán Oesterheld, wanda aka haifa a 1919, ya karanta ilimin duwatsu da ma'adinai kafin ya koma rubutu, kuma shi da ɗan'uwansa suka kafa kamfanin da ke buga mujallar. Mai zanen shi ne Francisco Solano López. An yi ta buga labarin kashi-kashi har 1959, shafi kusan 350, kuma har yau 4 ga Satumba ita ce ranar da Ajantina ta keɓe don tunawa da labaran zane.

Ku lura da yadda ya fara, domin ba da jirgi ko bindiga ya fara ba. Mutum huɗu ne a ɗakin sama na wani gida a unguwar Vicente López, da dare, lokacin sanyi, suna karta. Mai gidan, Juan Salvo, yana da 'yar ƙaramar masana'antar taransifoma. Akwai Favalli, malamin kimiyyar fiziya. Akwai Lucas, ma'aikacin banki. Akwai Polsky, dattijo ɗan fansho mai sassaƙa goge irin na Turawa. A ƙasa matar Juan, Elena, da 'yarsu Martita suna nan. Sai wuta ta ɗauke, gari ya yi tsit, suka leƙa ta taga suka ga dusar ƙanƙara mai ƙyalli tana sauka. Shi kansa wannan abin mamaki ne ga mutumin Buenos Aires, domin a lokacin rabon birnin da dusar ƙanƙara tun 1918. Suka ga motoci sun yi karo, mutane kwance a titi. Duk wanda dusar ta taɓa fatarsa ya mutu nan take. Abin da ya tsirar da su kawai shi ne Juan mutum ne mai toshe kowace kafa ta gidansa saboda sanyi. Polsky ya tuna da iyalinsa, ya ɓalle ƙofa ya fita a guje, bai yi nisa ba ya faɗi a gaban idonsu.

Daga nan sai marubucin ya ɓata shafuka da yawa a kan abin da wani zai ce ba shi da daɗin labari, wato ɗinki. Suka zauna, har da Elena da yarinyar, suka haɗa riga mai rufe jiki ruf daga kyallen roba, suka sa gilashin masu ninƙaya a fuska, suka yi dabarar tace iska. Wannan hoton da ke allo, mutum cikin wannan riga, bindiga a kafaɗa, idanu kawai ake gani ta gilashi yana tafiya cikin dusa, shi ne hoton da ake zanawa a bangayen Buenos Aires har gobe. Kuma ku lura, wanda ya kashe Lucas ba halittar wata duniya ba ce. Wani ɗan'adam ne da ya tsira, ya kashe shi don ya raba shi da rigarsa. Akwai kuma yaro Pablo, da suka tarar a raye a shagon kayan gini, wanda ya tsira saboda mai shagon ya kulle shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Mugunta ce ta cece shi. Ga marubuci yana gaya maka tun kafin baƙi su bayyana cewa zalunci bai jira saukowa daga sama ba, yana nan cikin unguwa.

Sannan aka gane cewa dusar makami ce, mamaya ce aka kawo wa duniya. Ragowar sojoji suka tattara waɗanda suka tsira, aka yi runduna, a cikinta har da Franco, matashi ma'aikacin masana'anta mai sarrafa ƙarfe, wanda ya fi kowa zuciya. Aka gwabza a babban titin General Paz, aka mayar da filin ƙwallon River Plate sansani. Ɗalibai masu son ƙwallo, na ga kun ɗago kai. E, wannan filin dai, inda Ajantina ta ɗaga kofin duniya a 1978, za mu dawo kan wannan shekara. Yaro mai karatu a 1958 yana ganin titin da yake bi zuwa makaranta, da allon tallan da ya saba gani, a cikin labarin ƙarshen duniya. Kafin nan an saba cewa idan baƙi za su mamaye duniya, New York ko Landan suke sauka, kamar sauran garuruwa ba su da filin sauka. (Dariya.)

Yanzu ga abin da ya sa na ce nan raina yake. Su wa ake yaƙa? Da farko wasu manyan ƙwari ne masu kama da buzuzu, kowanne ya kai girman mutum. Aka kashe wasu, sai aka ga wata na'ura a dashe a bayan wuyansu, ashe juya su ake yi daga nesa. Sai aka ga mutane 'yan'adam da aka kama aka kafa musu irin wannan na'ura a ƙeya, suka zama kamar mutum-mutumi, suna harbin 'yan'uwansu ba tare da sanin abin da suke yi ba. Sai wasu dabbobi ƙatta masu rusa gini da ƙirji, su ma juya su ake yi. Wa ke juya su duka? Juan da Franco suka bi sawu har wata rumfar shaƙatawa a unguwar Belgrano, suka tarar da wata halitta mai kama da mutum, mai yatsu barkatai a kowane hannu, tana danna maɓallan wata na'ura. Waɗannan su ake kira Hannaye. Mai karatu ya ce, to, ga Ming ɗin wannan labari, ga fuskar azzalumi.

Suka yi dabara suka rinjaye shi, suka ɗauke shi zuwa wani gida. A nan ya gaya musu cewa mutuwa yake yi, kuma ba duka ne zai kashe shi ba. Su ma an ci duniyarsu da yaƙi, aka dasa wa kowannensu wani ƙullutu a jiki, wanda da zarar ya ji tsoro sai ya zuba masa dafi a jini. Ku tsaya ku auna wannan dabara. Bawa ba zai yi tunanin tawaye ba tare da gabansa ya faɗi ba, kuma faɗuwar gaban ita ce ajalinsa. Ba a buƙatar mai gadi, ba a buƙatar kurkuku, an sa masa ɗan sandan a cikin jikinsa. Ina maimaitawa saboda masu rubutu: tunanin saɓa wa umarni yana kawo tsoro, tsoro yana kawo dafi, saboda haka Hannu ba ya ko fara tunanin. Ban san wani littafin kimiyyar siyasa da ya bayyana yadda mulkin danniya ke aiki a taƙaice kamar wannan shafi ba.

To, da yake dafin ya riga ya zuba, ba shi da sauran abin tsoro, sai ya samu 'yancin da bai taɓa samu ba, na 'yan mintoci. Me ya yi da shi? Ya hango wani abu a ɗakin ya roƙi a miƙo masa wannan sassaƙa mai kyau. Suka ce masa ai wannan butar gahawa ce. Ya riƙe ta da yatsun nan nasa masu yawa yana jujjuyawa, yana mamakin ƙarnonin gwaninta da suka taru a lanƙwasar wuyanta, yana tambaya ko mutane sun san darajar abubuwan da ke kewaye da su. Ya tuna duniyarsu mai sanyi, ya rera wata 'yar waƙa da harshensu, ya mutu. Wannan shi ne wanda ya jagoranci kashe dubban mutane a jiya, kuma marubucin ya sa ka ji tausayinsa ba tare da ya sa ka manta gawarwakin da ke titi ba.

Kafin ya mutu ya ambaci iyayen gijinsa. Ba su da suna, ana ce musu Su kawai. Kuma a cikin shafi 350 ɗin nan, Solano López bai zana fuskarsu ko sau ɗaya ba. Mu nan ba baƙin wannan tsari ba ne: a zamanin Turawa, talakan da aka zo karɓar haraji ko jangali a hannunsa mai unguwa yake gani, da dagaci, da bulalar dogari, amma wanda ya yanke adadin kuɗin yana can inda talaka ba zai taɓa ganin ko inuwarsa ba. Ka kashe buzuzu, akwai Hannu. Ka kashe Hannu, ka kashe bawa ɗan'uwanka. Naushin da ya gama da Ming ba shi da inda zai sauka.

Wani zai tambaya, ina marubucin labaran yara ya samo wannan tunani? Ku dubi shekarun. A watan Yunin 1955 jiragen yaƙin Ajantina suka yi ruwan bama-bamai a dandalin Plaza de Mayo, tsakiyar babban birninsu, da nufin kashe shugaba Juan Perón, suka hallaka mutum sama da 300, yawancinsu masu wucewa. A watan Satumba sojoji suka hamɓarar da shi. A 1956 aka kafa dokar da ta haramta ko ambaton sunansa. Mutuwa mai saukowa daga sama a kan masu tafiya a titi ba ƙage ba ce ga mutanen wannan birni, shekara biyu ke nan da suka gan ta. Kuma Oesterheld da kansa ya rubuta daga baya cewa jarumin labarinsa jama'a ce, ba mutum ɗaya ba. Malamin kimiyya ya kawo ilimi, ma'aikacin ƙarfe ya kawo zuciya, mai gida ya kawo gida, matar gida ta kawo allura. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk da haka bai yi wa mai karatu alkawarin nasara ba. A ƙarshe an yaudari waɗanda suka tsira da sanarwar rediyo ta ƙarya cewa akwai wuraren da dusa ba ta sauka, suka taru, aka kama su, Favalli da Franco suka koma masu na'ura a ƙeya. Juan ya faɗa cikin jirgin baƙi, ya taɓa wata na'ura, ta jefa shi cikin zamunna yana neman matarsa da 'yarsa. A haka ya bayyana a kan kujera a gaban wani marubucin labaran zane a 1959, ya ba shi labarin abin da zai faru a 1963.

Shugaban taro, na ga kana duban agogo, ka yi mini haƙuri, sauran labarin marubucin ba ya tsallakuwa. A 1968 ya rubuta tarihin ɗan juyin juya hali Che Guevara a zane tare da Alberto Breccia da ɗansa Enrique, gwamnatin Janar Onganía ta kwashe littafin. A 1969 ya sake rubuta El Eternauta a mujallar Gente da zanen Breccia, wannan karon manyan ƙasashen duniya ne suka miƙa Kudancin Amurka ga mamaya don su tsira da kansu, mujallar ta sa aka gaggauta rufe labarin. Sannan ya shiga ƙungiyar Montoneros, kuma gaskiya ta wajaba, ƙungiya ce mai ɗauke da makami wadda ita ma ta kashe mutane. Ranar 24 ga Maris, 1976, Janar Jorge Rafael Videla da abokansa suka ƙwace mulki. Oesterheld ya shiga ɓuya, daga maɓoyarsa yake aiko da kashi na biyu na labarin. A wannan kashi Juan Salvo ya sauya, ya zama jagora mai taurin zuciya wanda yake auna rayuka da lissafi, har ya zaɓi ceton jama'a a kan ceton matarsa da 'yarsa. A ganina kashi na biyu bai kama ƙafar na farko ba, domin jarumin da aka ce jama'a ce ya koma mutum ɗaya mai ba da umarni, ya fara kama da abin da yake yaƙa.

A watan Afrilun 1977 aka sace Oesterheld a La Plata, ba a sake ganinsa a waje ba, ana kyautata zaton an kashe shi a 1978, shekarar da ake ta shewa a filin River Plate. 'Ya'yansa mata huɗu, Estela, Diana, Beatriz da Marina, duk an kashe su ko an ɓatar da su tsakanin 1976 da 1977, biyu daga cikinsu da juna biyu. Matarsa Elsa Sánchez ta rayu har 2015, tana cikin ƙungiyar kakannin Plaza de Mayo masu neman jikokin da aka sace. Hukumar bincike ta 1984 ta tattara sunayen mutum 8,961 da aka ɓatar, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam kuwa suna cewa sun kai 30,000. Waɗanda suka zo ɗaukarsu cikin motoci marasa lamba ba su ne suka rubuta sunayen ba. Mutumin ya zana tsarin da ya cinye gidansa shekara ashirin kafin ya iso ƙofarsa.

Abu na huɗu, ko na uku ne, shugaban taro ya riƙe mana lissafi. Ɗan sama jannati. A 1953 a Amurka kamfanin EC na William Gaines ya buga wani gajeren labari, Judgment Day, rubutun Al Feldstein, zanen Joe Orlando. An aiko wakili daga Duniya, cikin rigar sama jannati da hular da ta rufe fuska, ya duba ko wata duniyar mutum-mutumi ta cancanci shiga tarayyar taurari. Ya tarar da su kala biyu, ruwan lemo da shuɗi. Kayan cikinsu iri ɗaya ne, bambancin fentin waje ne kawai, amma shuɗayen an ware musu unguwa, an rage musu ilimi da haƙƙi. Ya ce ba su isa shiga ba tukuna. Ya koma jirginsa, a akwatin ƙarshe ya cire hula, sai ga baƙar fata, gumi yana ƙyalli a fuskarsa. A 1954 masu buga mujallu, saboda matsin lambar majalisar dattawa, suka kafa wa kansu hukumar tacewa, wadda cikin ƙa'idojinta har da hana nuna ɗan sanda ko alƙali ko jami'in gwamnati ta hanyar da za ta jawo raini ga hukuma. Da Gaines ya so sake buga labarin bayan haka, shugaban hukumar, Alƙali Charles Murphy, ya ce sai dai a mayar da mutumin farar fata. Da aka ƙi, ya ce to a goge gumin. (Dariya.) Gaines ya yi barazanar fallasa shi, labarin ya fita yadda yake, kuma wannan ce mujallar labaran zane ta ƙarshe da kamfanin ya buga a wannan tsari.

Shi kuwa alƙalin da ya ƙi cire hula, Judge Dredd ne, wanda ya fito a mujallar 2000 AD ta Birtaniya a 1977, rubutun John Wagner. A birninsa na gobe mutum ɗaya ne ɗan sanda, shi ne alƙali, shi ne mai zartar da hukunci, a nan bakin titi. Wanda ya tsara kamanninsa, Carlos Ezquerra, ɗan Sifaniya ne da ya tashi a mulkin Janar Franco, shi ya ɗora masa mikiya a kafaɗa. An yi shi don a yi wa mulkin ƙarfi ba'a, sai ga yara da yawa sun ɗauke shi gwarzo. Ɗaya daga cikin masu zana shi, Brian Bolland, ya yi aiki tare da Dave Gibbons a kan Powerman, mujallar da aka buga don kasuwar Najeriya daga 1975, watakila akwai dattijon da ya saye ta a nan. Lokaci ya ƙure, zan tsaya nan a karɓi tambayoyi.

(Tambaya daga wani dattijo a sahun gaba.) Malam, Allah ya ƙara basira. Ni tsohon ma'aikaci ne, na yi aiki a ƙarƙashin umarni shekaru da yawa. Wannan mai yatsun da ka ce an dasa wa tsoro, ka sa mun tausaya masa. To, a ganinka yana da laifi, ko kuwa laifin na wanda ya aiko shi ne?

Baba, Allah ya saka da alheri, ka tambayi abin da Ajantina ta yi shekara ashirin tana jayayya a kansa a gaban kotu. Bayan dawowar mulkin farar hula, a 1985 aka gurfanar da shugabannin mulkin soja, aka yanke wa Videla ɗaurin rai da rai. Sai ƙananan hafsoshi suka fara tayar da ƙayar baya a bariki, gwamnatin Raúl Alfonsín ta ji tsoro, a 1987 aka yi dokar da ta ce duk wanda ke ƙasa da wani muƙami a ɗauka umarni ya bi, ba za a tuhume shi ba. Wato doka ta ce dukkansu Hannaye ne. A 1990 shugaba Carlos Menem ya yi wa su Videla afuwa, aka wayi gari babu mai laifi a sama, babu a ƙasa.

Amma Baba, akwai bambanci tsakanin wanda ke cikin labarin da wanda ke cikin bariki. Hannu idan ya yi tunanin ƙin umarni mutuwa zai yi kafin ya buɗe baki, jikinsa ne ba nasa ba. Hafsan da ya azabtar da fursuna ba a dasa masa komai ba. Abin da yake tsoro shi ne rasa muƙami, ko fushin na gaba da shi, wani lokaci rasa rai, ban ƙaryata ba, amma yana da daren da zai kwanta ya yi tunani, yana da ƙafar da zai gudu. Ita kanta dokar 1987 ta san da haka, domin ta cire wasu laifuffuka daga kariya, ciki har da fyaɗe da satar yara. Ta wannan ƙofa aka sake kama Videla a 1998, saboda jariran da aka haifa a wuraren tsarewa aka raba wa wasu gidaje da sunan ƙarya, aka tashe su ba su san ko su wane ne ba. A 2003 majalisa ta soke dokar, a 2005 kotun ƙoli ta ce ta saɓa wa tsarin mulki, aka buɗe shari'u, ƙanana da manya suka gurfana. A 2012 aka yanke wa Videla shekara 50 a kan satar jarirai, ya mutu a kurkuku a watan Mayun 2013.

Saboda haka amsata, Baba, ita ce ina tausaya wa Hannu kuma ba zan ɗora masa laifin da zan ɗora wa iyayen gijinsa ba, amma ba zan yarda ɗan'adam mai lafiyayyen jiki ya ari uzurinsa ba, kuma kotunan Ajantina a ƙarshe ba su yarda ba. Akwai 'yar'uwarmu can baya da ta daɗe da ɗaga hannu, a miƙa mata makirufo.